Kashbak a Yargoje: Gyaran naira 100, cajin naira 800

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ya san gyara. Ka miƙa kuɗinka, mai ƙosai ta ƙirga maka, sannan ta jefa ɗaya ko biyu a kai. Mai awo ma idan ya cika tiya yakan ƙara maka tafi guda na gero. Babu wanda ke ɗaukar wannan a matsayin sadaka. Mai sayarwa ya riga ya fitar da ribarsa, so yake gobe ka wuce rumfar maƙwabcinsa ka dawo tasa.

Yanzu gyara ta shiga cikin waya, ta kuma samu sabon suna: kashbak. Ka sayi data ko katin waya ta manhajar OPay ko PalmPay ko wata irinsu, sai a dawo maka da 'yan nairori, har da ɗan hoto mai walƙiya yana taya ka murna. Daga Yargoje a Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara har zuwa Faskari da Sabuwa, matashin da ke riƙe da babbar waya ya san wannan saƙo. Wani ma manhaja biyu ko uku yake ajiyewa, yana auna wadda ta fi yi masa ƙari.

Ra'ayina shi ne a karɓi wannan gyara, ba laifi. Amma kada a ɗauke ta hanyar samun kuɗi, kuma kada ta rufe mana ido daga abin da ake cire mana ta ɗaya aljihun. A wuri irin Yargoje, abin da ke fita ya ninka abin da ke shigowa sau da yawa.

Asalin abin daga Amurka ne, kuma a kan katin bashi aka gina shi. Katin bashi ya bambanta da katin ATM da muka sani. Da katin ATM kuɗinka kake kashewa. Da katin bashi kuwa banki ne ke biya maka cefane da man mota da magani, ƙarshen wata ya kawo maka lissafi. Idan ka biya duka a kan lokaci, shi ke nan. Idan ka bar saura, kuɗin ruwa ya hau. A 1986 katin Discover ya karaɗe Amurka da alkawarin mayar wa mai kati wani ɗan kaso na abin da ya kashe. Sauran bankuna suka bi sahu, har ta kai yau kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ya zama ruwan dare a can.

To daga ina kuɗin yake fitowa? Duk lokacin da aka goga katin a kanti, mai kantin yana biyan la'ada, wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na cinikin. Shi kuma ba zai ɗauki asara ba, sai ya ɗora a kan farashin kaya. Ke nan mai kati da mai tsabar kuɗi duk suna sayen burodi da ƙarin, amma mai kati kaɗai ake mayar wa wani abu. Sauran kuɗin kuma daga waɗanda suka kasa biya a ƙarshen wata yake fitowa, domin kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, jimillar bashin da ke kan katunan kuwa ta wuce dala tiriliyan 1 tun 2023.

Wasu masana tattalin arziki sun bi diddigin wannan a wani bincike da Babban Bankin Amurka ya wallafa a farkon 2023. Sun ƙiyasta cewa tsarin yana kwashe kimanin dala biliyan 15 duk shekara daga masu ƙarancin ilimin harkar kuɗi da yankunan talakawa, ya kai wa waɗanda suka fi su wayo da wadata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Tarayyar Turai kuwa, da aka yi doka a 2015 aka taƙaita la'adar da bankuna ke karɓa zuwa kashi 0.3 a katin bashi da 0.2 a katin cirar kuɗi, sai irin wannan kyauta ta yi ƙasa sosai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna daga wane tulu ake ɗebo ruwan.

Akwai kuma wani abu da ya shafi halin ɗan Adam. A wani bincike da aka wallafa a 2001, malamai biyu a jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun yi gwanjon tikitin kallon ƙwallon kwando. Waɗanda aka ce da kati za su biya sun taya kusan ninki biyu na waɗanda aka ce sai da tsaba. Duk wanda ya taɓa ƙirga 'yan dubu-dubu ashirin da hannunsa ya miƙa ya san zafin rabuwa da su. Danna lambobi huɗu a waya ba shi da wannan zafin.

Mu dawo gida. A Najeriya katin bashi bai samu karɓuwa ba. Alƙaluman Bankin Duniya na 2021 sun nuna masu shi ba su kai kashi 3 cikin 100 na manya ba, a Arewa kuma ƙyamar riba ta ƙara rage shi. Don haka kashbak ɗinmu ta wata ƙofa ya shigo, ta manhajojin kuɗi na waya.

Su ma ba daga sama suke samo shi ba. Kamfanonin waya suna ba duk dillalin da ya sayar musu da kati ko data la'ada, kamar yadda mai laima a bakin tasha yake samun 'yar ribarsa a kan katin gogewa. Manhajar dillali ce babba, sai ta tsaga la'adarta ta ba ka wani yanki. Wannan ciniki ne mai tsabta, gyara ce ta gaskiya.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin masu zuba jari. PalmPay ta fara aiki a Najeriya a 2019 da jarin dala miliyan 40, kuma kamfanin Transsion mai ƙera wayoyin Tecno da Itel da Infinix ne ya jagoranci zuba shi. OPay ta tara dala miliyan 400 a 2021 ƙarƙashin jagorancin SoftBank na Japan. Moniepoint ta tara dala miliyan 110 a watan Oktoban 2024, har da Google a cikin masu zubawa. Kamfanin da ke da irin wannan jari yana iya yin shekaru yana rabon ƙari don ya tara jama'a. Mutanen Kano ba su manta da 2019 ba, lokacin da Adaidaita Sahun OPay ke ɗaukar fasinja a farashin da direban da ke biyan balas ba zai taɓa iya yi ba. Ba a daɗe ba harkar sufurin ta tsaya, amma manhajar ta zauna a wayoyin mutane. Manufar ke nan tun farko, kuma dabara ce ta kasuwa da kowane ɗan tireda zai fahimta. Abin lura kawai shi ne garaɓasar da aka yi don jawo ka tana da wa'adi, kuma wanda ya ba da ita ne ke yanke ranar ƙarewarta.

Yanzu mu yi lissafi irin na zaure. A ce wani magidanci a Yargoje, ɗansa da ke acaɓa ko gadi a Kudu yana turo masa naira dubu 50 a wata. A ce yana kashe dubu 5 a kati da data, ana mayar masa kashi 2 cikin 100. Ribarsa naira 100 ke nan a wata.

Sauran kuɗin ina za su? Awo, kayan miya, taki, maganin feshi, fetur a wurin 'yan bumburutu, kuɗin babur zuwa Ƙanƙara, ladan masu ƙwadago, gudummawar biki da suna. Babu ɗaya daga cikinsu da ke cikin jerin abubuwan da ake yi wa ƙari. Jerin nasu na mutumin birni ne: kuɗin wuta ga mai mita, kuɗin tauraron ɗan Adam, intanet na gida. Sannan yawancin masu sayar masa da waɗannan kaya tsaba suke so, domin su ma da tsaba za su saro. Dole ya je wurin mai POS. A wurare da yawa naira 200 ake karɓa a kan dubu 10, ranar kasuwa ko lokacin ƙarancin kuɗi ya fi haka. Idan ya ciri dubu 40 a wata, naira 800 ta tafi. An yi masa gyaran 100 da kiɗa da walƙiya, an cire 800 shiru.

Ban ga laifin mai POS ba. Shi ma sayen tsabar yake yi a gidajen mai da wurin manyan 'yan kasuwa, ko ya ɗauki kasada ya je Funtuwa ko Malumfashi ya bi layin banki ya dawo da ita a kan hanyar da kowa ya san halinta. Kamfanin da ya ba shi na'ura yana cire nasa a kowace mu'amala. A watan Disambar 2024 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade cewa ba zai ba mutum ɗaya fiye da naira dubu 100 a rana ba, shi kansa kuma kada ya fitar da fiye da miliyan 1.2. A garin da babu reshen banki, shi ne bankin, shi ne ATM ɗin, wani lokaci shi ne mai karanta wa dattijo saƙon da ya shigo wayarsa. Naira 200 ɗin nan farashin nisa ne da rashin tsaro, kuma mutumin karkara ne ke biya.

Cajin bai tsaya nan ba. Akwai harajin naira 50 a kan duk turin kuɗi da ya kai dubu 10. Da farko bankuna kaɗai ke cire shi, amma daga 1 ga Disambar 2024 ya shafi OPay da PalmPay da Moniepoint, sannan daga farkon 2026 aka mayar da shi kan mai turawa. Daga 1 ga Maris ɗin 2025 cire kuɗi a ATM ɗin bankin da ba naka ba ya koma naira 100 a kan kowace dubu 20, aka kuma soke sau ukun nan na kyauta a wata. Saƙon alat na banki ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Mai ƙaramar waya da ke tura kuɗi ta danna lambobi yana biyan naira 6.98 duk lokacin da ya shiga, ga shi sabis na iya yankewa a tsakiya. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100. Wato datar da ake yi maka gyaran kashi 2 a kanta, an ba da izinin ƙara mata rabin farashinta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarami ne, shi ya sa ba a jin zafinsa. Haka kashbak ɗin ma ƙarami ne, sai dai shi ana buga masa ganga.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen bashi. Na ce katin bashi bai shigo mana ba, amma ƙannensa sun shigo. Na farko shi ne rancen katin waya. A tsarin da aka saba, ka ranci naira 100, a ba ka 85, ka biya 100. Ka biya 15 a kan 85 ke nan, sama da kashi 17 cikin 100, kuma galibi cikin 'yan kwanaki ake cire shi. Wanda ke yin haka sau huɗu a wata ya fi Ba'amurken da ke kuka da kashi 20 a shekara shan wuya nesa ba kusa ba, ga shi ko sunan bashi ba ya kiran abin.

Na biyu shi ne maɓallin rance da ke cikin manhajojin kansu ko na abokan hulɗarsu. Nan ne hanya ta uku ta samun kuɗin kashbak take. Duk sayayyar da ka yi a manhaja tana nuna nawa ke shigo maka, yaushe, daga wa, kuma yaushe aljihunka ke bushewa. Da wannan ake auna nawa za a iya ranta maka. Naira 20 da aka mayar maka yau tana sa ka zauna a manhajar, zaman ne kuma ke kai ka ga tayin rancen dubu 20 a daidai makon da kake neman kuɗin taki. Can gefe, kusa da maɓallin sayen kati, ga na zuba kuɗi a cacar ƙwallo.

Mun ga abin da wasu manhajojin rance marasa rajista suka yi wa mutane: tura saƙon cin mutunci ga surukai da abokan aiki da duk wanda lambarsa ke cikin wayar wanda ake bi. Sai da Hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a watan Maris ɗin 2022, Google kuma ta hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen Mayun 2023. A birni mutum yana iya sauya unguwa. A ƙauyen da kowa ya san kakan kowa, saƙo ɗaya ya isa ya hana magidanci zama a majalisa.

Batun hukuncin wannan ƙari a addini na malamai ne, kuma ya kamata a riƙa kai musu tambayar dalla-dalla, domin ragin da dillali ya yi maka daga la'adarsa daban, kyautar da aka ɗaura a kan rance mai ruwa daban. Ko ta fuskar lissafi zalla, wanda ya ci bashin da ake ƙara masa kashi 10 ko 15 a wata don ya samu gyaran kashi 2 ya sayar da akuya ne ya sayi igiyarta.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kira ne a koma tusa kuɗi a ƙarƙashin katifa. Waɗannan manhajoji sun yi wa karkara aikin da manyan bankuna suka yi shekaru suna ƙin yi. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi na zamanin Godwin Emefiele, da tsaba ta ɓace, mutane suka kwana a bakin ATM, manhajojin bankuna da dama suka riƙa cijewa, su ne suka riƙe ƙananan 'yan kasuwa. Sun buɗe wa mai shayi da mai kayan miya asusu ba tare da ya je ya tsaya gaban wani mai kwat ba. Sun sauƙaƙa kuɗin turi, inda bankuna ke cire naira 10 zuwa 50 ban da harajin kaya. Hukumar NDIC ma ta ɗaga inshorar ajiya a 2024, zuwa naira miliyan 5 ga masu asusu a kamfanonin kuɗin waya masu lasisi, da miliyan 2 a ƙananan bankuna.

A wannan yanki kuma akwai abin da ya fi duk wannan nauyi. Yargoje ta ga mummunan hari a watan Yunin 2024, aka rasa rayuka da dama. Manomin da ya sayar da masara ko waken suya a Sheme ko Dandume, kuɗin suka shiga asusunsa ya hau mota hannu rabbana, ya samu ribar da babu kashbak ɗin da zai kamo ƙafarta. Wannan ita ce fa'idar kuɗin waya a wurinmu, kuma ita ya kamata a gina a kai.

Sai dai ita ma a kan sabis ta rataya. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, bayan gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. An yi watanni a haka. Wanda kuɗinsa ke cikin waya a lokacin, sai ya yi tafiya zuwa inda sabis yake kafin ya taɓa su. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, sannan ya ga 2023, idan ya ce shi a ba shi tsabarsa a hannu, ba jahilci ba ne, darasi ya ɗauka. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 47 cikin 100 na manya a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne. Naira 20 a kan data ba za ta cike wannan giɓi ba.

Idan da gaske kamfanonin nan suna son kasuwar karkara, to su kai gyaran inda kuɗin mutane ke tafiya. A yi ragi ga wanda ya biya dillalin taki ko mai maganin feshi ta waya. A sauke wa mai awo da mahauci da mai kemis cajin karɓar kuɗi, a tabbatar musu alat zai shigo nan take, kuma idan turi ya maƙale za a warware shi cikin sa'o'i, da Hausa, ba sai an nemi yaron da ya yi boko ya rubuta wasiƙa ba. Duk naira dubu 10 da ta zagaya daga manomi zuwa mai taki zuwa babban dila ba tare da ta zama takarda ba, an tsira da naira 200, an kuma rage wa wani tafiya mai haɗari. Ribar turi ɗaya irin wannan ta ninka kashbak ɗin wata guda a misalinmu na sama.

Gwamnati ma tana da nata. An sa iyakar naira dubu 10 a harajin turi ne tun wajen 2020, lokacin da dubu 10 take da auki. Yau ba ta sayen rabin buhun taki. Barin iyakar a inda take yana nufin kullum harajin yana ƙara gangarowa kan ƙananan mutane, domin naira 50 ɗaya ce a kan mai tura dubu 10 da mai tura miliyan 10. 'Yan majalisarmu na tarayya suna iya neman a ɗaga ta. Kuma tun da jihohi ne suka fi amfana da wannan haraji a rabon wata-wata, ba rashin kunya ba ne mutumin Sabuwa ya tambayi Gwamnatin Katsina nawa aka kashe daga ciki wajen tsare turakun sabis da samar musu wuta a yankinsa.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun mai waya. Kowace manhaja tana da shafin tarihin mu'amala. A buɗe na watan jiya, a tara duk abin da aka mayar a gefe guda, a ɗaya gefen a tara caji da haraji da abin da aka ba mai POS da abin da rancen kati ya ci. Mutane da yawa za su tarar cewa manhajar da ta fi amfani gare su ita ce wadda turinta ba ya maƙalewa kuma wakilinta ke kusa, ko da ba ta mayar da ko kwabo. Wanda ya saba sayen datar dubu 1, aka ce sai ya sayi ta dubu 3 zai samu ƙari, to ya sani dubu 2 ya kashe don ya karɓi naira 60. A kuma duba ko ƙarin kuɗi ne da za a iya turawa ko cirewa, ko kuwa maki ne da tikitin ragi mai wa'adi wanda ba ya aiki sai a wata sayayyar.

Sannan a yi hattara da masu kira a waya suna cewa an ci garaɓasa, a karanto musu lambar da ta shigo yanzu don a saka kuɗin. Kashbak na gaskiya da kansa yake shiga, ba ya buƙatar lambar sirri ko BVN ko lambobin bayan kati. Haka duk wanda ya ce a zuba dubu 50 a karɓi dubu 100 bayan wata guda, ko da ya kira abin kashbak ko bonas, hanyar MMM ta 2016 ce da CBEX da ta rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025. Dattijon da ba ya karatu, wanda ke miƙa wa mai POS katinsa yana faɗar lambar sirrinsa da baki a gaban layi, shi ya fi kowa buƙatar ɗa ko jika ya zauna da shi ya koya masa danna ta da kansa.